Kwanan watan da ke kan kabarin Baba ya raba kan gidanmu

Assalamu alaikum, Anti. Mahaifinmu ya rasu a Amurka a shekarar 2011, inda ya daɗe yana aiki, kuma a can aka rufe shi. Cikinmu babu wanda ya samu zuwa jana'iza. Abokan zamansa ne suka yi masa sutura, daga baya suka sa dutse a kabarin. Sai watan jiya wata ƙawata da ta je can ta nemo maƙabartar, ta ɗauko mini hoto. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Mu dai abin da muka sani shi ne an kira Umma a waya da tsakar dare, wayewar garin Alhamis 10 ga Maris. A dutsen kuwa an rubuta 03/09/2011, wato 3 ga Satumba. A layin Larabci an sa watan Rabi'ul Akhir, amma a wurin kwanan wata sifiri ne. An rubuta an haife shi 01/01/1950, ya rasu yana da shekara 61, alhali Umma ta ce cikin azumi aka haife shi, kuma kullum tana faɗin cewa ya tafi da shekarun Manzon Allah (SAW), 63. Ko a sunansa ma an tsallake harafi ɗaya. Yayanmu ya ce wannan ba kabarin Baba ba ne, abokan nan sun yi mana sakaci, kuma ko da nasa ne, rubutu a kan kabari haramun ne, a tumɓuke dutsen. Ni kuma so nake a gyara kurakuran, a ƙara ayoyi. Yau sati uku ke nan ba ma ga maciji da juna. Umma ba mu nuna mata ba tukuna. Ga hoton nan na haɗo miki. Don Allah ki ba ni shawara.

'Yar marigayi

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya kyautata namu zuwan. Na buɗe hoton da kika turo, na ƙara masa girma, na zauna da biro da kalanda biyu na bi shi layi bayan layi. Ki kwantar da hankalinki tun yanzu. Abin da ke rubuce a dutsen nan ya yi daidai da labarin da kuka riƙe shekara da shekaru, har da maganar Umma. Karatunsa ne ya rikita ku, domin waɗanda suka rubuta shi da irin lissafin ƙasar da suke zaune suka yi amfani.

Mu fara da 03/09/2011, tun da shi ya fi tayar da ƙura. A yawancin ƙasashe kwana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa kuwa wata suke sawa a gaba, kwana ya biyo. Shi ya sa harin 11 ga Satumban 2001 suke ce masa 9/11: tara na watan Satumba ne, sha ɗaya kuma kwanan watan. In kika karanta dutsen Baba yadda mai sassaƙa shi zai karanta, 03 watan Maris ne, 09 kuma tara ga wata. Laraba 9 ga Maris 2011 ke nan. Kin ga tazarar wata shida da ta tsorata ku ta dawo kwana ɗaya tak. Layin Larabci ma shaida ne a kan haka. A shekarar 2011, 3 ga Satumba ta faɗo ne a makon ƙaramar Sallah, cikin watan Shawwal. Da a ranar ya rasu, babu yadda za a yi wani Musulmi ya rubuta Rabi'ul Akhir. Watan Rabi'ul Akhir na shekarar 1432 kuwa a farkon Maris ya kama.

Sai sifirin da kika gani. Wannan zagayen biyar ne. A alƙaluman Larabci na gabas, biyar ana rubuta ta ٥, kamar ƙaramin zobe, sifiri kuwa ɗigo ne kawai, ٠. Idon da ya saba da lambobin boko yakan sha wannan ruɗun. Shida ɗinsu, ٦, kamar bakwai ɗinmu take. Bakwai da takwas, ٧ da ٨, abu ɗaya ne aka kife. Biyu da uku, ٢ da ٣, haƙori ɗaya ne ya raba su, kuma a tsohon dutsen da ruwa ya ci, haƙorin nan yakan shafe. Abin da aka sassaƙa wa Baba shi ne 5 ga Rabi'ul Akhir, sannan ١٤٣٢, wato 1432. Ɗan harafin هـ da ke bayan shekarar yana nufin Hijiriyya. In kin ga م a irin wannan wuri, Miladiyya ake nufi. A rubutun boko kuma AH ake sawa wa shekarar Hijira.

Yanzu ga wurin da na fi so ki nutsu a kai, domin shi ne ya taɓa mini zuciya. A kalandar Ummul Ƙura, wadda masallatai da yawa ke dubawa, Laraba 9 ga Maris 2011 ta yi daidai da 4 ga Rabi'ul Akhir. Dutsen kuwa 5 ya ce. Mai gaggawa zai ce ga wani kuskuren kuma. Amma ki tuna a lissafin Musulunci dare ne ke gaba da yini, sabon kwana yana shiga ne da faɗuwar rana. Shi ya sa ake fara tarawihi tun daren da aka ga wata, kafin a ɗauki azumin farko. A lissafin boko kuwa sai ƙarfe 12 na dare kwana ke juyawa. Wanda ya cika bayan magaribar Laraba, likita zai rubuta masa Laraba, limami kuma zai ce daren Alhamis ne, 5 ga wata. Ki ƙara da bambancin agogo. Gabashin Amurka yana bayan Landan da awa 5, yammacinta da awa 8. Ƙarfe takwas na daren Laraba a Niyok, ƙarfe ɗaya ne na daren da za a wayi garin Alhamis a Landan. Lokacin da wayar Umma ta yi ƙara, ku kun riga kun shiga 10 ga wata, su kuwa suna tsaye a bakin gadonsa cikin 9 ga wata. Ashe Alhamis ɗin da kuka riƙe tana nan a kan dutsen, a layin Larabci, kuma wanda ya bayar da wannan kwanan wata mutum ne mai lura, wanda ya san Baba bayan magariba ya cika. Mai sakaci ba ya kula da irin wannan.

Ko da ma an samu saɓanin kwana ɗaya a tarihin Hijira, ba abin tashin hankali ba ne. Wata ƙasa takan ga jinjirin wata yau, wata sai gobe, wani masallacin yana bin gani da ido, wani yana bin lissafi.

Maƙabarta wuri ne da kalandu ke haɗuwa. A ce a ranar da Baba ya rasu an rufe wani ɗan Iran kusa da shi, a dutsensa 1389 za ki gani, domin su ma daga Hijira suke ƙirgawa amma da shekarar rana. Bayahude zai sa 5771, mutumin Habasha 2003. Rana ɗaya ce, shekara biyar daban-daban. Ko ita Miladiyyar ba a tashi ɗaya aka karɓe ta ba. Fafaroma Gregory na 13 ya gyara ta a 1582, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Ingila da ƙasashen da take mulka ba su bi ba sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga wata. Rasha kuwa sai 1918. A kabarin Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, an rubuta an haife shi 2 ga Afrilu 1743, aka bi da haruffa biyu, O.S., ma'ana tsohon lissafi, alhali littattafan tarihi 13 ga Afrilu suke cewa. Wanda bai san labarin haruffan nan biyu ba zai rantse an yi wa shugaban ƙasa kuskure a kabarinsa.

Maganar shekaru kuma, Umma tana da gaskiya, dutsen ma yana da gaskiya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366. Ratar kusan kwana 11 ce duk shekara, tana taruwa har ta zama shekara guda cur a cikin shekara 33. Shi ya sa shekara ɗaya, kamar 2008, ta taɓa shekarun Hijira uku: ƙarshen 1428, da 1429 ɗungurungum, da farkon 1430. Mutumin da ya haura sittin, shekarunsa na wata sun fi na rana da kusan biyu. Bari mu gwada da na Baba. Azumin shekarar 1950 ya kama ne wajen tsakiyar Yuni, a shekarar Hijira ta 1369. Daga Ramadan 1369 zuwa Rabi'ul Akhir 1432 shekara 62 ne da wata bakwai. Ya cika 62, ya yi nisa cikin ta 63. Mutane da dama shekarar da aka shiga suke ƙirgawa, ba wadda aka kammala kaɗai ba, kuma tsofaffin duwatsun kaburbura a Ingila ma haka suke rubutawa, wane ya rasu a cikin shekara ta kaza ta rayuwarsa. Saboda haka in Umma ta ce ya tafi a shekara ta 63, lissafinta ya fita. Shi kuwa mai dutse ya ɗauki 2011 ya cire 1950 ya samu 61. In kina son ki riƙa juya shekarun nan da kanki, ki cire kashi 3 cikin 100 na shekarar Hijira, ki ƙara 622. Daga 1432 in an cire 43 saura 1389, a ƙara 622, ga 2011. Za ki lura 1389 ɗin nan ita ce shekarar da na ce ɗan Iran zai rubuta, domin ita ce yawan shekarun rana tun daga Hijira.

Shi 01/01 kuwa, duk mai aiki da takardun baƙi a Amurka ya san shi. Wanda aka haifa ba a rubuta ranar ba, in ya zo yin fasfo ko takardar zama, sai a sa masa ɗaya ga Janairu don gurbin ya cika. Dubban baƙi da 'yan gudun hijira a can wannan ranar haihuwar suke ɗauke da ita. Abokan Baba ba su san an haife shi cikin azumi ba. Fasfonsa suka buɗe suka kwafa, kuma abin da ya dace su yi ke nan, domin dutsen ya zo daidai da takardun hukuma. Masu bin diddigin asali suna da wata ƙa'ida da nake ganin ta isa a riƙe: ranar rasuwa da ke kan dutse ta fi ranar haihuwa ƙarfi, saboda masu rubutun sun ga rasuwar da idonsu, haihuwar kuwa labari suka ji. A takardar shaidar mutuwa ta Amurka ma haka abin yake. Likita ne ke tabbatar da rana da lokacin rasuwa, amma ranar haihuwa da sunayen iyaye wani na kusa ne ke faɗa, kuma ana rubuta sunan wanda ya faɗa ɗin a jikin takardar.

Harafin da aka tsallake a suna shi kaɗai ne zan iya kira kuskure, shi ma ki fara duba yadda sunan yake a fasfo. Suna ɗaya yakan fito da rubutu uku ko huɗu in aka mayar da shi haruffan boko, kuma mai sassaƙa abin da aka miƙa masa a takarda yake bi.

Duk wannan bayani nawa ne daga hoto. Abin da zai rufe bakin kowa shi ne rajistar maƙabarta, kuma ita nake so ki nema tun a wannan mako. A ƙasan dutsen ta hannun dama, inda ciyawa ta ɗan rufe, akwai wasu ƙananan lambobi. Irin waɗannan galibi lambar sashe ce da ta kabari. Ki rubuta wa ofishin maƙabartar, ki ba su cikakken sunan Baba kamar yadda yake a fasfo da shekarar rasuwa, ki roƙi bayanin binnewa. Sukan ajiye ranar da aka rufe mutum, da sashe da lambar kabarinsa, da kamfanin jana'izar da ya kawo gawar, da sunan wanda ke da iko da filin. Kada ki firgita in ranar binnewa ta zo bayan ranar rasuwa da kwana ɗaya ko biyu, sai an kammala takardun izini ake rufe mutum a can. Ki nemi kuma kwafin takardar shaidar mutuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar da ya rasu. 'Ya'yan mamaci suna cikin masu haƙƙin nema, za a dai buƙaci shaidar dangantaka. In lambar da ke rajista ta yi daidai da ta dutse, magana ta ƙare. Matambayi ba ya ɓata.

Sunan mai iko da filin nan yana da muhimmanci ga ku biyun. Ko cire dutse ko gyara shi, maƙabarta ba za ta bari a taɓa ba sai da sa hannun wanda sunansa ke takardar filin, kuma kowace tana da dokokinta na girma da irin dutsen da take yarda da shi. Gyaran harafi a dutsen da aka riga aka sassaƙa yana nufin a kankare fuskarsa ko a yi sabo. Kin ga rigimar da kuke yi ke da yayanki, a kan abin da ba ya hannun ɗayanku ne tukuna.

To, sai batun hukunci, kuma a nan ina roƙonki kada ki raina maganar yayanki, domin tana da tushe. Hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kai. A ruwayar Tirmizi da Nasa'i an ƙara da hana rubutu. A kan haka ne mafi yawan malaman Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ƙi rubutu a kabari, wasu malaman ma suka kai shi ga haramci. Hanafiyya kuwa sun yi sassauci in akwai buƙata, don kada kabarin ya ɓace ko a wulaƙanta shi. Saɓanin tsoho ne. Imam Hakim da ya kawo hadisin ya inganta shi, sannan ya ce ba a kansa ake aiki ba, tun da shugabannin Musulmi gabas da yamma akwai rubutu a kaburburansu. Imam Zahabi ya mayar masa da cewa ba a san wani sahabi da ya yi haka ba, daga baya abin ya faro. Amma sa alama don a gane kabari, wannan yana da asali daga Manzon Allah (SAW) da kansa. Abu Dawud ya ruwaito cewa da aka rufe Usman bin Maz'un, Annabi ya sa wani ya kawo dutse, mutumin ya kasa ɗauka, sai ya naɗe hannun rigarsa ya ɗauko da kansa ya ajiye wajen kan, ya ce da shi zai riƙa gane kabarin ɗan uwansa, ya kuma rufe waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi.

Ni a nawa ganin, kabarin baƙo a ƙasar da ba shi da dangi, cikin maƙabarta mai dubban kaburbura jere iri ɗaya, shi ne ainihin wurin da buƙatar da malamai suka ambata take tabbata. Ki duba abin da ya faru da ku. Bayan shekaru masu yawa, ƙawarki da ba ta taɓa zuwa wurin ba ta shiga ta samo shi, ta tsaya ta yi masa addu'a. Da babu suna, da ta ƙare yawonta ta fito. Dutsen nan kuma ba shi da kirari, ba shi da hoto, bai ɗaga sama ba. Suna ne, da kwanan wata, da kalmar Almarhum, wadda fata ce ta rahama, da Inna lillahi a samansa. A gidan tarihin fasahar Musulunci da ke Alƙahira akwai wani dutsen kabari na shekara ta 31 bayan Hijira, wato 652, yana cikin mafi daɗewa da aka samu masu ɗauke da tarihi. Abin da ke jikinsa bai wuce irin wannan ba: sunan mamaci, da wata da shekara, da roƙon duk wanda ya karanta ya nema masa gafara ya ce amin. Shawarata a bar dutsen Baba yadda yake. In zuciyar yayanki ta ƙi natsuwa, ku kai hoton wurin malamin da ku biyun kuka yarda da shi, ku faɗa masa halin da maƙabartar take ciki, ku bi abin da ya ce.

Amma ƙara ayoyi, ƙanwata, a nan ban goyi bayanki ba. Ki sake kallon hoton. Dutsen a kwance yake, daidai da ƙasa, irin wanda maƙabartu da yawa a Amurka ke wajabtawa don injin yankan ciyawa ya wuce ta kai. Ga ɓurɓushin ciyawa nan a cikin ramukan haruffan, ga sawun taya a gefe. Masu ziyara suna takawa, tsuntsaye suna sauka, ƙanƙara tana rufe shi da hunturu. Ko malaman da suka yi sassauci a kan suna sun fi tsanantawa a kan rubuta Alƙur'ani saboda wannan dalilin. Na san abin da kike so. So kike ki yi wa Baba wani abu da hannunki, tun da ba ki samu yi masa komai ba a ranar. Kuɗin sabon dutse ki mayar da su sadaka mai gudana da sunansa, ayoyin kuma ki karanta su da bakinki, ki bi da addu'a. Addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da hadisi ya ce ladansu ba ya yankewa.

Game da yayanki, ina jin ba dutse ne ke cin ransa ba. Shi ne babba. A tunaninsa shi ya kamata ya tsaya a kan gawar mahaifinsa, ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya zuba ƙasar farko. Wasu ne suka yi, shi yana nesa yana riƙe da waya. Shekarun nan duka ya haɗiye abin, sai ga hoto ya zo ya fama masa ciwon. Mutum in ya rasa yadda zai yi da irin wannan baƙin ciki, yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma abokan Baba ne suka fi kusa. Kada ki je masa da lissafin nan kamar wadda ta ci shari'a. Ke ce ƙarama, ki fara kiransa ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri a kan kalaman da suka fita. Sannan ki ce masa, Yaya, ga abin da aka nuna mini, duba mini ko haka ne. Ki bar shi ya gano biyar ɗin nan da idonsa. Wasiƙar ofishin maƙabarta ma ki roƙe shi ta fita da sunansa, a matsayinsa na babban ɗa. Akwai abin da ya rage da zai iya yi wa mahaifinsa, ki bar masa shi.

Mutanen nan da ake zargi kuma, ina so ku neme su. Masallacin da ya sallaci Baba zai iya haɗa ku da su, sunan ɗayansu ma wataƙila yana jikin takardar shaidar mutuwa. Mutane ne da suka bar aikinsu suka yi zirga-zirgar asibiti da ofisoshi, suka wanke shi, suka yi masa likkafani, suka nemi fili a sashen Musulmi, suka fuskantar da shi alƙibla, bayan watanni kuma suka koma suka sa alama don wata rana 'ya'yansa su same shi. A wurinsu akwai abin da babu a dutse: wa ke kusa da shi da ya cika, me ya faɗa a kwanakinsa na ƙarshe, mutum nawa suka tsaya a sahu. Shekaru suna tafiya, su ma ba yara ba ne yanzu. Ku kira su ku yi godiya, ku tambaye su, ki rubuta abin da suka faɗa a littafi, ki haɗa da ranar haihuwarsa ta cikin azumi da sunansa yadda ya kamata a rubuta, domin jikoki.

Ita kuwa Umma, kun ɓoye mata ya isa haka. Matar da ta yi shekaru tana yi wa mijinta addu'a ba ta taɓa ganin inda yake kwance ba, tana da haƙƙin ta gani. Ku je tare da yayanki, ku zauna kusa da ita bayan ta idar da sallah, ku ƙara wa hoton girma yadda idonta zai iya. Ku fara mata da layin Larabci. Ku nuna mata biyar ɗin, ku ce mata daren Alhamis ne aka rubuta, daren da aka kira ta, kuma an lissafa an ga ya shiga shekara ta 63 kamar yadda take faɗa. In ta yi kuka ku bar ta ta yi. In ta ce a wanke mata hoton ta ajiye, ku wanke mata.

Allah Ya gafarta masa, Ya saka wa waɗanda suka yi masa sutura da alheri, Ya haɗa kanku. In amsar ofishin maƙabartar ta iso, ki turo mini mu duba lambar tare.